Dashen Fata a Kan Yatsa: Yaushe Ake Yi, Yaya Ake Yi

Raunin kan yatsa yana cikin raunukan hannu da aka fi kai wa ɗakin gaggawa. Ƙofar mota ta datse yaro. Sarƙar babur ta kama mai goge ta da tsumma alhali inji na aiki. Mai markaɗe ya tura tattasai da hannu don sandar ta yi masa nisa. Belin janareta ya fizgi makanike. Mahauci ya yi saran kuskure ranar Layya ana cikin sauri. Abin da ya guntule sau da yawa bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Amma da wannan ɗan wurin tela ke jin bakin allura, mai ɗinkin hula ke bin zare, 'yar kasuwa ke ƙirga kuɗi. Tudun yatsa mai lafiya yana bambance tsini biyu da tazararsu ba ta wuce milimita 2 zuwa 4 ba, alhali a gadon baya sai tazarar ta kai kusan santimita 4 kafin mutum ya san abu biyu ne suka taɓa shi. Duk wanda zai gyara wurin nan, to, abu uku yake nema a lokaci guda: rufi mai ƙwari da zai jure aiki, da ji, da tsawon yatsa gwargwadon abin da za a iya cetowa.

Dashen fata ɗaya ne daga cikin hanyoyin. Ana yanko fata daga wani sashe na jikin mai raunin, a raba ta da jininta gaba ɗaya, a shimfiɗa ta a kan raunin, a ɗinke, a jira ta kama. Aikin likitan tiyata ne da ya koya a gaban malamansa, a wuri mai tsabta, da kayan aikin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Ba a yin sa a kemis, ba a kuma koyon sa daga takarda. Abin da ke tafe bayanin yadda aikin ke gudana ne, domin ma'aikacin lafiya ya san wanda zai riƙe da wanda zai tura gaba, mai rauni da danginsa kuma su san abin da ake yi musu da abin da ya rage a wuyansu.

Kafin a isa asibiti

A wanke raunin da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Dannewar minti 10, ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, tana tsayar da mafi yawan jinin kan yatsa. A cire zobe tun yatsa bai kumbura ba. Kada a ɗaure gindin yatsa da roba ko zare a bar shi; ana samun yatsan da rauni bai kashe ba, ɗauri ya kashe. Toka, ƙasa, man birki, fetur, garin kafso, duk a bar su. Abin da aka barbaɗa sai likita ya kankare shi, kuma tare da shi zai kankare naman da fatar za ta kwanta a kai.

Guntun da ya fita a ɗauko shi, ko da ana ganin ya lalace. A ɗauraye, a naɗe a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle bakinta, sannan a tsoma ledar cikin kula ko kwano mai ruwa da ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada a jiƙa shi tsundum cikin ruwa, kada a kai shi firiza. Ko ba za a iya mayar da shi yadda yake ba, fatar jikinsa ta fi kowace fata dacewa da wurin, kuma likita na iya fere ta ya yi dashen da ita, ya hutar da mai rauni yanka na biyu.

Shawarar da ta fi ɗinkin wuya

Wanda ya ga kan yatsa a buɗe jajir zai ɗauka dole a rufe shi yau. Dangi ma roƙonsu ke nan: "Likita, a taimaka a ɗinke masa mana." Amma gaskiyar magana, da yawa daga cikin irin waɗannan raunuka sun fi kyau in an tsabtace su, an lulluɓe, an bar jiki ya yi aikinsa. A 1974 wata likitar yara a Shefild ta Ingila, Cynthia Illingworth, ta bayyana yadda kan yatsan ƙananan yara ke sake tofowa, har da farce, idan guntulewar ba ta kai gaɓar ƙarshe ba kuma ba a ɗinke wurin ba. A shekarar ne wasu likitoci biyu a Danmak, Holm da Zachariae, suka kwatanta waɗanda aka yi wa dashe da waɗanda aka bar wa rauninsu ya cike da kansa, sakamakon ya karkata ga waɗanda aka bari. A 1993 Mennen da Wiese a Afirka ta Kudu suka ba da rahoton yatsu 200 da suka yi wa jinya da wata siririyar filasta mai kama da leda, ana sauya ta sau ɗaya a mako.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rauni in yana cikewa yana tsukewa, yana janyo fatar gefe zuwa tsakiya, ita kuwa fatar gefe da jijiyoyin jinta take tahowa. A ƙarshe tabon da ya rage ɗan ƙarami ne, kewaye da fata mai ji. Fatar dashe baƙuwa ce a wurin, jinta ba ya taɓa kamo na asali. Abin da barin yake ci shi ne lokaci, mako uku zuwa shida, da haƙurin jure warin ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin filastar, wanda sau da yawa ba mugunya ba ne, ruwan warkewa ne.

To, ina gurbin dashe? Ma'aunin da yawancin likitoci ke bi shi ne faɗin raunin da abin da ke ƙasansa. In bai wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a faɗi da tsawo ba, kuma ƙashi bai leƙo ba, a yi jinyarsa da ɗauri. In ya fi haka, kamar wanda wuƙa ko injin yankan katako ya shafte masa fatar tudun yatsa ya bar kitsen ƙarƙashi lafiya lau, nan dashe ke da amfani. In kuwa ƙashi ko jijiyar motsi ta fito fili, dashe ba zai kama ba, sai a nemi wata dabara. Akwai rabe-raben raunin kan yatsa da wani likita mai suna Allen ya fitar a 1980 mai matakai huɗu: tudun yatsa kaɗai, tudu da shimfiɗar farce, wanda ya ci wani sashe na ƙashin ƙarshe, da wanda ya wuce gindin farce. Kusan duk aikin dashe a matakin farko yake, da gefen na biyu. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙashi kafin a yanke hukunci, musamman in datsewa ce ba yanka ba.

Sauran abin dubawa mutumin ne da kansa. Wane yatsa ne? Babban yatsa da gefen manuni da ke fuskantarsa su ne ke tsinke da riƙon alƙalami, ba a wasa da jinsu. Mece ce sana'arsa? Yana da ciwon suga, ko sikila, ko yana shan taba? Daga ina ya zo? Wanda gidansa ke da nisan tafiya daga asibiti, da ba zai iya zuwa wankin ciwo mako shida ba, dashen da zai rufe raunin cikin mako biyu na iya fi masa, ko da a littafi barin ya fi. A ganina likitan da bai tambayi waɗannan ba kafin ya ɗauki aska ya tsallake rabin aikin.

Yadda fatar ke rayuwa bayan an raba ta da jini

Fatar da aka yanko ba ta da jijiyar jini ko ɗaya da ke haɗe da jiki. Duk wanda ya taɓa dashen albasa ya san halin da take ciki: an tumɓuko ta daga rainonta, kwanakin farko a langaɓe take, da danshin ƙasa kaɗai take rayuwa, sai saiwa ta kama take miƙewa, wanda kuma ya riƙa girgiza ta a tsakanin nan ya kashe ta. A kwana ɗaya zuwa biyun farko fatar tana manne ne da wani danƙo da jini ke samarwa, tana tsotsar ruwan da ke tsattsafowa daga raunin. Daga kwana na biyu zuwa na uku bakunan ƙananan jijiyoyin jinin raunin suke fara haɗuwa da nata. Zuwa kwana na biyar ko na bakwai jini ya fara zagaya ta sosai.

Daga nan ake gane abubuwan da ke kashe dashe. Na gaba-gaba gudan jini ne da ya taru tsakanin fatar da naman, ya ɗaga ta, ya raba ta da abincinta. Sai motsi, wanda ke tsinka sababbin jijiyoyin tun ba su yi ƙwari ba. Sai ƙwayoyin cuta, musamman wani nau'in streptococcus da ke narkar da danƙon da ya riƙe ta. Sai kuma shimfiɗar da ba ta da jini tun asali: ƙashi ko jijiyar motsi da tantaninsu ya saɓule.

Fatar dashe iri biyu ce. Akwai mai rabin kauri, wadda ake shafto saman fata da ɗan abin da ke biye da shi, kaurinta yawanci ba ya kai rabin milimita, inda aka ɗebo ta kuma yana warkewa da kansa cikin mako biyu zuwa uku. Akwai mai cikakken kauri, wadda ake yanko fatar dukanta har bakin kitse, a ɗinke inda aka ɗebo. Dukansu tsofaffin dabaru ne: Reverdin ya fara dasa 'yan ƙananan gutsattsarin fata a Faris a 1869, Thiersch a Jamus ya inganta mai rabin kauri, Wolfe kuma, likitan ido a Gilasgo, ya gyara fatar ido da mai cikakken kauri a 1875. Siririyar ta fi saurin kamawa don ba ta buƙatar abinci mai yawa, sai dai daga baya tana ƙanƙancewa, tana bushewa, tana tsagewa in an sa ta aiki. A kan yatsa wannan ƙanƙancewar ba duka asara ba ce, tunda tana janyo fata mai ji ta rage faɗin wurin da ba ya ji. Mai kaurin tana tsukewa nan take da an yanko ta, amma bayan ta kama ba ta cika ja da baya ba, ta fi jure aiki, ta fi samun ji. Ga tudun yatsan da zai riƙe fartanya ko sifana, ita aka fi zaɓa, muddin shimfiɗar tana da jini sosai.

Inda za a ɗebo

A nan ne mai baƙar fata ya kamata ya buɗe kunne. Littattafan tiyata da dama suna lissafa gindin cinya, cikin damtse, lanƙwasar gwiwar hannu da wuyan hannu a matsayin wuraren ɗibar fata. Ga Bature bambancin launin ba wani abu ba ne. Mu kuwa tafin hannunmu ya fi sauran jiki haske nesa ba kusa ba, fatar dashe kuma ba ta mantawa da asalinta; sau da yawa ma ƙara duhu take yi bayan ta kama. Sai mutum ya wayi gari da baƙin faci a kan yatsan da yake cin abinci da shi, yake gaisawa da shi, har ƙarshen rayuwarsa. In daga gindin cinyar yaro aka ɗebo ba a kula ba, ranar da ya balaga gashi na iya fitowa a kan yatsan.

Wurin da ya fi dacewa shi ne gefen tafin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa. Fatar nan irin ta tudun yatsa ce sak: ba gashi, ga kauri, ga zane-zanen da ke hana santsi, ga launi iri ɗaya. Hannu ɗaya ake wankewa, a zama ɗaya a gama. Ana iya yanko yanki mai faɗin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a ɗinke wurin ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. Abin kiyayewa shi ne kada tabon ya faɗo daidai inda hannu ke kwanciya a kan tebur lokacin rubutu, don yakan yi ta zafi na ɗan lokaci. In ana buƙatar fata mai faɗi, kamar yatsu da yawa sun ƙuje, ana iya shafto mai rabin kauri daga kwarin tafin ƙafa, inda ba ya taka ƙasa. Wuyan hannu yana da sauƙin aiki, amma ni ban so shi: launin bai dace ba, ga tabon yanka a kwance a wurin da kowa ke gani yana ta tambaya. A kuma tambayi mai rauni ko tabonsa yana yin tudu ya ci gaba da girma, kamar yadda wasu ke samu bayan hujin kunne. Mai irin wannan jiki ba a yi masa sabon yanka a ko'ina ba tare da dalili mai ƙarfi ba, ko da yake tafin hannu da na ƙafa ba su cika yin irin wannan tabon ba.

A ɗakin tiyata

Kafin allura, likita zai gwada jin yatsan da motsin gaɓoɓinsa, don bayan ta shiga ba za a iya ganewa ba. Sannan ya yi allurar kashe zafi ta lidoken a gindin yatsa, gefe da gefe, inda jijiyoyin ji ke wucewa, ya jira minti 5 zuwa 10. Babba idonsa biyu ake yi masa. Ƙaramin yaro yawanci sai an sa shi barci. Sai wanki da ruwan gishirin asibiti mai yawa, a cire yashi, baƙin mai, da duk naman da ya mutu. Domin a ga abin da ake yi, ana yanke yatsan safar hannu ta roba a zura, a naɗe shi zuwa gindi ya tsayar da jini na ɗan lokaci. Likitan kirki yana maƙala masa hantsaki babba, ya kuma sa a rubuta lokacin da aka ɗaura, saboda wannan 'yar robar in aka manta da ita a ƙarƙashin bandeji yatsan ya tafi. Ga mai sikila ana taka tsantsan da ita sosai.

Yanzu awo. Ana ɗaukar takardar da zaren ɗinki ya zo a ciki, a danna ta a kan raunin, jini ya bar shatinsa, a yanke takardar a bin shatin. A ɗora ta a gefen tafin hannu, a zana da ɗan ƙari, sannan a tsawaita zanen sama da ƙasa ya yi tsini a kowane ƙarshe, domin wurin ya haɗu ba tare da kunnuwa ba in an zo ɗinkewa. A yi allura a ƙarƙashin zanen, a bi shi da askar tiyata lamba 15, a ɗago fatar daidai inda ta haɗu da kitse.

Abin da ke biye shi ne inda ake gane hannu. Likita zai kife fatar a kan yatsansa na hagu, cikinta na kallon sama, ya miƙe ta. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙullen kitse ruwan ɗorawa manne da ita. Da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa zai riƙa tsinke su ɗaya bayan ɗaya, bakin almakashin a kwance, har sai cikin fatar ya koma fari mai sheƙi. Duk kitsen da aka bari katanga ce tsakanin fatar da jini. In aka zurfafa kuma a huda ta. Da an gama sai a ajiye ta cikin ƙyalle mai danshi, a ɗinke inda aka ɗebo.

Sai a saki robar a duba shimfiɗar. Jinin da ke tsattsafowa ɗigo-ɗigo daga ko'ina alamar alheri ce. A danne har ya tsaya. Ƙona jijiyoyi da na'ura a nan kaɗan ake yi, don duk inda aka ƙona mataccen wuri ne. Ba a ɗora fata a kan jini mai gudu, ko da za a yi ta jira. In ya tsaya a shimfiɗa ta, a ɗinke gefenta da siririn zaren nailan mai lamba 5-0, allura tana shiga daga fatar dashen zuwa bakin raunin don kada ta ɗaga ta. Yara ana yi musu da zaren da ke narkewa, a huta da kokawar cirewa. Wasu likitocin suna ɗan huda fatar wuri biyu ko uku don ruwa ya samu mafita. Ana barin jelar wasu ɗinkunan da tsawo, huɗu ko shida masu fuskantar juna. A wanke ƙarƙashin fatar da sirinji karo na ƙarshe, a ɗora ƙyalle mai man basilin, a ɗora dunƙulen auduga mai danshi, a ƙulle jelar zaren a samansa. Wannan dunƙulen shi ke danne fatar ya hana ta zamewa. A matse shi daidai, ba har ya shaƙe ta ba. Sai bandeji da ɗan ƙarfen da zai kare kan yatsan, gaɓar tsakiya a bar ta tana motsi in zai yiwu. Allurar tetanus ga wanda ba shi da tabbacin rigakafi. Maganin ƙwayoyin cuta ya danganta da dattin raunin. Na gona, na mahauta da na cizo ba ɗaya suke da yankan wuƙar kicin ba. Raunin da ya yi datti ƙwarai ko ya kwana biyu kafin a zo, gara a wanke a jinkirta dashen zuwa 'yan kwanaki.

In ƙashi ya fito

Ga ƙaramin yaro da ƙofa ta guntule wa kan yatsa, ana iya mayar da guntun yadda yake a ɗinke, ba tare da haɗa jijiya ba, ya rayu irin rayuwar dashe. Sa'arsa tana ga ƙananan shekaru da saurin zuwa. A binciken Moiemen da Elliot na 1997 a Ingila, guntayen da suka kama gaba ɗaya duk cikin waɗanda aka mayar kafin awa 5 suke. A babba ba ya cika kamawa, ko da yake yakan zama murfi har naman ƙarƙashi ya cike.

Ga babba abin da ake yi shi ne a matso da fatar da ba a raba ta da jininta ba, wadda likitoci ke kira filaf. In yankan a miƙe yake, ana tsaga fatar tudun yatsa da siffar harafin V a zamo da ita gaba ta rufe ƙashin, a ɗinke ta koma siffar Y. Tranquilli-Leali ya bayyana ta a Italiya a 1935, Atasoy ya yaɗa ta daga Amurka a 1970. Ba ta tafiyar da ta wuce santimita ɗaya. In tudun ne ya tafi da yawa, ana iya ɗago fatar bayan yatsan da ke maƙwabtaka a juyo ta, a ɗinke yatsun biyu tare na mako biyu zuwa uku kafin a raba, gurbin da aka bari kuma a rufe shi da dashe mai cikakken kauri. Matsalar launi ta dawo a nan, tunda fatar bayan yatsa baƙa ce. Shi ya sa ga matashi wasu suka fi son lanƙwasa yatsan a dasa kansa a tudun gindin babban yatsa. Ga dattijo kuwa wannan lanƙwasar na iya barin gaɓa a sandare. Akwai kuma hanya mafi sauƙi da ba abin kunya ba ce: a rage ƙashin kaɗan a rufe. Mayar da yatsa ta haɗa jijiyoyi a ƙarƙashin madubi, wanda Komatsu da Tamai suka fara yi wa babban yatsa a Japan a 1965, yana buƙatar kayan aiki da gwanintar da ba ko'ina ake samu ba. Duk waɗannan aikin likitocin gyaran jiki ne da na ƙashi, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Ƙashi na Dala. Ƙaramin asibiti ya wanke, ya ɗaure, ya yi allurar tetanus, ya tura da wuri.

Bayan an koma gida

Makon farko a hannun mai rauni yake. Hannu a sama da ƙirji dare da rana: da rana a rataye shi yatsu na kallon kafaɗa, da dare a ɗora a kan matashi. Ruwa kada ya taɓa ɗaurin. In za a yi wanka a sa leda; a alwala kuma malamai sun halatta shafa a kan ɗaurin rauni, ba sai an kwance ba. Taba da shisha a ajiye su gaba ɗaya, don suna tsuke ƙananan jijiyoyin da ake jira su tsiro. Mai suga ya kula da awonsa. Babur, wanki, daka, duk su jira.

Ba a buɗe dashen sai kwana na biyar zuwa na bakwai, kuma a asibiti. Ana jiƙa ɗaurin har ya saki da kansa, a yanke ƙullin, a ɗaga audugar a hankali ana danne fatar. Wadda ta kama tana manne, launinta ja-ja ko ɗan shuɗi-shuɗi. Mai cikakken kauri ta tafin hannu tana da wata ɗabi'a mai tsorata mutane: samanta yakan yi baƙi ya bushe kamar ta mutu, bayan kwanaki ya saɓule a ga rayayyiya a ƙarƙashi. Kada a yi saurin yanke ta. Amma kada a jira ranar alƙawari in zogi yana ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya zo, ko ɗaurin ya jiƙe da mugunya ko ya yi kore, ko kumburi ya hau bayan hannu, ko yatsan ya yi sanyi ya yi duhu. Ana cire zare tsakanin kwana 10 da 14.

Daga nan sai shafa mai. Fatar dashe ba ta iya jiƙa kanta a watannin farko, in an bar ta sai ta tsage. Man kaɗanya ko basilin sau biyu ko uku a rana ya wadatar, ana murzawa a hankali. A riƙa dunƙule hannu ana buɗewa tun da wuri, domin sandarewar gaɓa ta fi tabo naƙasa hannu. Aiki mai nauyi sai bayan mako huɗu zuwa shida. Ji yana dawowa ne daga gefe zuwa tsakiya cikin watanni, wani lokaci har shekara ɗaya ko biyu, kuma kafin nan mutum na iya ƙonewa da tukunya ko salansar babur bai sani ba. Wasu kuwa akasin haka suke samu, ko riga ta taɓa wurin sai su zabura. Maganinsa sabo: a riƙa ƙwanƙwasa kan yatsan a hankali, a goga shi a ƙyalle mai laushi sannan mai kaushi, a tsoma shi cikin kwanon gero ko shinkafa ana juyawa, 'yan mintoci sau da yawa a rana. Da hunturu yatsan zai riƙa zogi da sanyin asuba, da dashe ko babu, yawanci kuma yana sauƙi bayan hunturu ɗaya ko biyu.

Farce yana tafiya kusan milimita 3 a wata, don haka sabo ba ya kammala fitowa sai bayan wata huɗu zuwa shida, kuma na farkon yakan fito da gargada. In ƙashin da ke tallafe da shi ya gajarta, aka kuma ja shimfiɗarsa ƙasa wajen ɗinki, zai fito a lanƙwashe ya rufe kan yatsan yana soka nama. In kuma akwai wani ɗigon wuri guda da in an taɓa sai a ji kamar wutar lantarki, bayan wata uku ko fiye bai lafa ba, mai yiwuwa bakin jijiyar ji ne ya dunƙule a cikin tabo. Duka biyun ana gyara su da ƙaramar tiyata, a wurin likitan da ya yi aikin farko ko wanda ya tura ka gare shi.